Yadda Fassarata Ta Ƙona Allon Ƙanena

'Yan'uwa ɗalibai, na daɗe ina son in kawo wannan labari cikin mujallarmu, amma kunya tana hana ni, domin kuwa ni ce mai laifi a cikinsa. Abin da ya sa na daure na ɗauki alƙalami shi ne na lura mu da yawa a wannan sashe muna fama da ciwo iri ɗaya, musamman mu da ba da Hausa muka buɗe baki ba. Ina fata wanda ya karanta zai tsira daga irin asarar da na jawo wa gidanmu.

Ni ba Bahaushiya ba ce. Iyayena Eggon ne, a Lafiya aka haife ni, a unguwar Bukan Sidi na tashi. Da Eggon muke magana a gida, da Turanci a makaranta, Hausa kuwa a kasuwa da wurin wasa na tsince ta. Irin Hausar nan ce ta bakin titi wadda ba ruwanta da namiji ko mace, wato ka ji an ce "yarinya ya zo" ko "mota ya lalace", kuma kowa ya gane abin da ake nufi. Da ita na shigo jami'a. A zangon farko na sha dariya har na gode Allah, amma na dage da karatu har bakina ya gyaru. Sai dai dariyar nan ta bar mini wani tabo: na zama ba na iya ce wa Bahaushe "ban gane ba". Gani nake da zarar na faɗi haka za a ce, ai dama ba 'yar gida ba ce.

Mahaifinmu kuwa tun farko bai so karatun nan nawa ba. Ranar da na nuna masa takardar shiga jami'a, ya dube ta ya sake dubawa, sannan ya ce, "Hausar da ake ji kyauta a kasuwa ita za mu biya kuɗi ki karanta?" Bai hana ni ba, bai kuma fasa biyan kuɗin makaranta ba, amma maganar tana nan a zuciyata. Duk burinsa ya koma kan ƙanena, wanda tun yana ƙarami ba ya barin rediyo ko tocila su zauna lafiya sai ya kwance su ya ga cikinsu.

Hannun Katako

A watan Maris na 2024 ina gida hutu, ana tsakiyar zafin nan na Lafiya da ke hana barci. Ƙanena yana ajin ƙarshe na sakandare, kuma ƙungiyar kimiyya ta makarantarsu ta zaɓe shi ya wakilce ta a wata gasa tsakanin makarantu. Abin da ya ƙudura zai yi shi ne hannun mutum-mutumi, wanda zai ɗauki ƙwallon goruba daga wani kwano ya ajiye a wani. Ya yanka sassan hannun da siririn katako, ya yi masa gindi da kafaɗa da gwiwa da 'yan yatsu biyu. Kayan lantarkin kuwa daga Abuja aka aiko su ta hannun direba, kuma da kuɗin adashen mahaifiyarmu aka saye su, kuɗin da ta yi niyyar ƙara jarin doya da su. Ba ta ce komai ba lokacin da ta miƙa masa, illa dai ta ce ya riƙe kayan da kyau.

Kayan iri biyu ne. Akwai wani ɗan allo shuɗi mai kamar tafin hannu, irin wanda ake kira Arduino Uno. A garin Ivrea na ƙasar Italiya aka fara ƙera irinsa a 2005 domin ɗalibai, kuma shi ne ƙwaƙwalwar aikin, a cikinsa ake zuba umarni daga kwamfuta. Sai kuma 'yan injina huɗu ƙanana masu lamba SG90, kowanne nauyinsa giram 9, waɗanda ake kira sarbo. Su ne gaɓoɓin hannun. Da na bincika asalin kalmar sai na tarar daga Latin ta fito, inda take nufin bawa ko bara. Ita ma kalmar robot daga harshen Cek take, daga kalmar da ke nufin aikin tilas, kuma wani wasan kwaikwayo na Karel Čapek na 1920 ne ya yaɗa ta a duniya. Ashe dai bayi da barori ƙanena ya tara a ɗakinsa.

Yadda sarbo ke karɓar umarni ya ba ni sha'awa ƙwarai, domin ya yi kama da darasinmu na tsarin sauti. Wayoyi uku gare shi: ja ta wuta, mai ruwan ƙasa ta komawar wuta, da ruwan lemo ta saƙo. Ta wayar saƙon nan allo ke aiko masa da ɗan bugu sau 50 a kowace daƙiƙa, shi kuma tsawon bugun yake saurare. In bugun ya kai kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, sai ya juya gefe guda. In ya kai kashi 2, ya juya ɗaya gefen. In ɗaya da rabi ne, ya tsaya a tsakiya. Wato kamar yadda tsawon wasali ke raba garin da ake zama da garin da ake tuwo da shi. Ni da na sha wahala kafin kunnena ya kama wannan bambanci, sai na ji ina girmama ɗan injin.

Da ƙanena ya haɗa sarbo ɗaya, komai ya tafi daidai. Da ya ƙara na biyu, sai hannun ya fara karkarwa kamar mai zazzaɓi. Da ya haɗa duka huɗun, abin ya zama abin tausayi: hannun zai yunƙura ya ɗaga, sai fitilar allo ta yi ƙyaf, komai ya tsaya, ya koma farko, ya sake yunƙurawa. Da batir mai bolt 9 yake ba allon wuta, su kuma injinan suna sha daga jikin allon. Ya sayi sabon batir, bai canza zani ba. Ya ari kwamfutar malaminsu ya jona ta waya, duk ɗaya. Saura kwana shida gasa, yaro ya daina cin abinci sosai.

Zuwana Na Farko

Akwai wani dattijo Bakano mai gyaran rediyo a wani ɗan shago da ke kusa da titin Jos. Tun muna yara yake wurin. Da rediyo da kaset ya fara, yanzu kuwa fankar sola da fitilar caji da dikoda suka fi yawa a gabansa. Ba ya jin Turanci sai na lambobin da ke jikin kaya. Ƙanena yana makaranta har yamma, Hausarsa kuma ta bakin titi ce, saboda haka na ce ya bar mini, ni zan kai. A raina na ce yau ranar da karatuna zai yi amfani ta zo.

Na same shi da mutane uku suna jira. Na gaishe shi da Hausar aji, wadda na tace ta sosai.

"Baba, barkanku da aiki. Ƙanena ne ya haɗa wannan, sarbo ɗin ne suke ba shi matsala."

"Sabo? To in sabo ne me ya kawo shi wurin mai gyara, 'yata?"

Mutanen suka yi dariya, ni ma na yi, amma gabana ya faɗi, domin dariya irin wannan na san ta. Na nuna masa injinan. Ya jawo mitarsa, ya ɗora tsinkayenta biyu a kan allon, ya ce in kunna. Ina kallo lambar ta tsaya a 5, da hannun ya motsa sai ta zame zuwa 4 da ɗoriya, ta sake zamewa, fitila ta ɗauke. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini kayan, ya ce:

"Wutar ba ta isar su. 'Yan injinan nan ci gare su. A ba su tasu wutar daban, mai yawa, a bar fanel ɗin da tasa."

Kowace kalma a cikin maganar nan na san ta. Da a jarrabawa aka ba ni ita, da na fayyace aikatau da karɓau ba tare da kuskure ba. Amma abin da yake nufi da "daban" da kuma "mai yawa" bai zauna mini ba. Na ji tambaya ta taso mini har maƙogwaro, na dubi mutanen da ke zaune, na haɗiye ta. Na ce, "To Baba, na gane, na gode." Ko kwabo bai karɓa ba.

Da yamma ƙanena ya dawo ya tare ni tun daga ƙofa. "Yaya, me ya ce?" Na amsa masa da gadara, rabi da Eggon rabi da Turanci, abin da in an mayar da shi Hausa zai zama: "Ya ce wutar ta yi kaɗan, a sa mai ƙarfi." Mai karatu zai lura da ɓarna biyu da na yi. Na mayar da "yawa" ta koma "ƙarfi", domin a kunnena duk ɗaya ne. Sannan na yar da "daban" a hanya, domin na ɗauke ta a matsayin cikon magana.

Yaro ya yi murna. Ya cire adaftar dikodar gidanmu mai bolt 12, ya soka a jikin allon. Hannun ya ɗaga da kuzarin da ba mu taɓa gani ba, ya juya, ya sauko kan goruba, har mahaifiyarmu ta fito daga kicin tana tafi. Bai cika minti biyu ba sai muka ji wani wari kamar na roba a wuta. Ƙanena ya kai yatsa kan wani ɗan baƙin abu kusa da inda adafta ke shiga, ya janye da sauri yana yarfe hannu. Fitila ta mutu. Ya cire ya mayar, shiru. Garin neman gira mun rasa ido.

Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya tattara kayan cikin kwali ya shiga ɗaki. Mahaifinmu da ke zaune a tsakar gida ya tambayi abin da ya faru, aka gaya masa, ya ce, "To," ya ci gaba da sauraron rediyonsa. A daren nan ban runtsa ba. Ina ta maimaita maganar dattijon a raina, kalma bayan kalma, har na isa kan "daban". Nan na gane ba Baba ne ya yi kuskure ba.

Zuwana Na Biyu

Washegari Asabar ce, muka tafi tare da sassafe kafin mutane su taru. Tun kafin ya buɗe kwalin na ce, "Baba, jiya na ce muku na gane, alhali ban gane ba. Ni Hausa nake karantawa a jami'a, kunya ce ta hana ni tambaya." Na faɗa masa abin da ya ce da abin da na isar.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi. "Ashe Malama ce. To Malama, ai matambayi ba ya ɓata. Ni da aka haifa cikin Hausar, in na je wurin masu kifi ko masu ƙira sai na tambaya, don kowace sana'a da bakinta. Zauna."

Ya nuna mana tankin ruwan da ke kan ƙarfe a gidan da ke kallon shagonsa. Ya ce wuta kamar ruwan can take, abu biyu ake dubawa. Na farko, yaya tsawon inda aka ɗora tankin, domin shi ke sa ruwa ya fito da matsi. Wannan shi ne bolt. Na biyu, ruwa nawa ne ke iya wucewa ta bututun a lokaci guda. Wannan shi ne amfiya. Tanki yana iya kasancewa a sama ƙwarai amma bututunsa siriri kamar tsinke, in mutum huɗu suka buɗe famfo lokaci ɗaya kowa sai ya samu ɗigo. "Injinanku ba tsawon tanki suke nema ba, bolt 5 ya ishe su, har 6 suna ɗauka. Bututu mai faɗi suke so. Shi na ce mai yawa. Ku kuma kuka je kuka ƙara wa tankin tsawo, bututun yana nan yadda yake."

Daga baya ƙanena ya nemo takardun bayanin kayan, muka ga lissafin ya yi daidai da maganar Baba. Sarbo irin wannan in yana zaune ba ya cin komai sai kaɗan, amma lokacin da zai tashi, ko in ya ci karo da nauyi, yana iya jan fiye da rabin amfiya shi kaɗai. Huɗu in suka yunƙura tare sun wuce amfiya 2. Kafar kwamfuta kuwa rabin amfiya aka tsara ta bayar, shi kuma ɗan batir mai bolt 9 an yi shi ne don ƙananan abubuwa marasa ci. Saboda haka da zarar injinan sun ja, sai matsin ya faɗi, ƙwaƙwalwar allon ta ɗauke kamar wanda ya suma, ta farfaɗo ta fara karanta umarni daga farko. Abin da ke sa hannun ya yi ta komawa baya ke nan.

Sai ya ɗora bakin sukudireba a kan ɗan baƙin abin da ya ƙone, wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ya ce sunansa ragileta, aikinsa shi ne ya karɓi wutar da ta fi 5 ya rage ta ta koma 5 daidai, kamar yadda sitabilaiza ke yi wa firji a gida. Amma irin wannan ragileta ba ya ajiye rarar, ƙona ta yake yi ta zama zafi a jikinsa. Ya ɗauki biro ya rubuta a bayan kwalin sigari: 12 a cire 5, saura 7. In injinan suka ja amfiya 1, to 7 sau 1, wat 7 ke nan na zafi a kan abin da ba shi da ko ƙarfen shan zafi. "Ɗana, ko kai aka ɗora wa wannan kaya sai ka faɗi." Ya ce da allon kaɗai yake ciyarwa, da bolt 12 ba ta dame shi ba, domin cin allon kaɗan ne. Haɗa masa baƙi huɗu masu ci shi ne ya kashe shi, kuma abin da kalmar "daban" ta zo ta hana ke nan.

Sauran abin tsoro shi ne ko ragileta ya tafi da ƙwaƙwalwar. Baba ya ce wani lokaci in zai mutu sai ya buɗe ƙofa wutar duka ta wuce ta cinye abin da ke gaba. Ya narka dalma ya ɗauke mataccen, sannan ya jona allon da cajar waya ta ɗaya kafar, wadda ba ta bi ta kan ragileta. Mu uku muka zuba ido. Koriyar fitila ta kama, ɗaya fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf. Ƙanena ya sauke wata ajiyar zuciya da har yau nake jin ta. Ƙwaƙwalwa tana da rai.

Ya jawo wani buhu cike da matattun allunan dikoda da rediyo, ya ce mu nemo mai lamba 1117. Muka samu da yawa, ƙanena ya miƙa masa na farko da murna. Baba ya mayar masa. "Karanta wutsiyar lambar." Ashe 3.3 ne a ƙarshe, mu kuwa mai 5.0 muke nema. Suna ɗaya, kama ɗaya, ɗafa-goshi ne kawai ba su raba ba, ɗafa-ƙeya ta bambanta su. Sai da muka kusa zazzage buhun kafin muka dace. Ya liƙa shi, ya sa batir mai bolt 9, ya auna, mita ta nuna 5.

Don injinan kuwa ya ɗauko wani ɗan allo daban mai lamba LM2596, irin wanda yake sa wa fankar sola. Ya ce shi ma rage wuta yake yi, amma ta wata dabara: yana buɗewa yana rufewa da sauri, yana ɗiba daidai bukata, don haka ba ya zafi sosai. A takardarsa an ce sau 150,000 yake yin haka a daƙiƙa, kuma yana iya bayar da har amfiya 3. Ya jona masa adaftar nan mai bolt 12 da ta yi mana ɓarna, ya hana a haɗa injinan tukuna. Ya ba ƙanena sukudireba ya ce ya riƙa juya wani ɗan noti mai ruwan tagulla a hankali, ni kuma ya ba ni mita in riƙa karanto lamba. Na karanto 11, na karanto 8, na karanto 6, har muka tsaya a 5. Ya ce, "Kullum a auna kafin a haɗa. Wanda ya haɗa kafin ya auna, shi ke dawo mini da kwali."

Aka haɗa injinan, aka kunna. Maimakon hannun ya yi aiki sai ya haukace, kowace gaɓa tana fizga inda ta ga dama. Na ji cikina ya ɗuri ruwa, na ce shi ke nan mun sake ƙona wani abu. Baba kuwa ko a jikinsa. Ya harɗe hannu ya ce wa ƙanena, "Samari, saura waya ɗaya. Nemo ta." Yaro ya yi shiru yana bin wayoyin da ido kusan minti biyar, sannan ya ce, "Baƙar waya! Ba mu haɗa ta allo da ta injinan ba." Baba ya ce madalla. Ya bayyana cewa bugun da allo ke aikawa tsawo ne da ake aunawa daga ƙasa, to in allo yana da tasa ƙasa injina suna da tasu, daga ina injin zai fara awo? Dole jajayen wayoyin su rabu, baƙaƙen kuwa su haɗu wuri guda. Ya ƙara da kwandansa mai lamba 1000 a bakin wayoyin injinan, ya nuna mana gefen da ke da zane ya ce shi ke bin baƙar waya, in aka juya shi fashewa yake yi. Ya kira shi randa, domin yana tara wuta ya bayar lokacin da aka buɗe famfo gaba ɗaya.

Da aka sake kunnawa, hannun ya ɗaga a natse, ya juya, ya ɗauki murfin kwalba daga kan teburin Baba ya ajiye a gefe. Ya maimaita sau goma bai yi tuntuɓe ba. Na taɓa ragileta, sanyi ƙalau. Kuɗin ɗan allon da kwandansa kawai ya karɓa, na aiki kuwa ya ce Malama ta biya da zaman da ta yi.

Ranar Gasa

Saura matsala ɗaya: ba wanda zai iya rantsuwa cewa za a samu wuta a zauren gasar, adafta kuwa sai da wutar gari. Muna cikin wannan shawara da daddare, mahaifinmu yana ji. Ni ce na yi bayanin, da Eggon, na ce abin da ake bukata shi ne wani abu mai bolt 12 wanda zai iya bayar da amfiya 2 ko fiye ba tare da ya gaji ba, na kuma kawo masa misalin tanki da bututu. Ya saurara har na gama. Da asuba na ji motsi a zaure, na leƙa, sai na gan shi durƙushe yana kwance batirin babur ɗinsa. Ya miƙo mini, ba ƙanena ba, ya ce, "Ke da kika san awonsa, duba ko zai yi." Ranar a ƙafa ya tafi gona.

Ƙanena bai zo na ɗaya ba. Wasu yara da suka ƙera na'urar busar da rogo su suka ci, kuma sun cancanta. Amma hannunsa ya yi aiki daga farko har ƙarshe, ya kwashe goruba shida ba tare da ya yar da ko ɗaya ba, kuma da alƙalai suka tambaye shi dalilin raba wutar, ya amsa ba tare da inda-inda ba. Mahaifinmu bai taɓa janye maganarsa ta Hausar kasuwa ba, ni ma ban nemi ya janye ba. Sai dai tun daga ranar, in takarda ta zo gidan ko wani baƙo ya yi magana mai nauyi, ni yake kira.

Abin Da Na Koya

Na farko, sanin kalma daban, sanin abin da mai sana'a ke nufi da ita daban. Kalmar "wuta" ita kaɗai tana ɗauke da wutar girki da lantarki da matsinsa da yawansa, mai gyara kuwa yana rarrabe su da 'yan ƙananan kalmomi irin su "yawa" da "ƙarfi" da "ci" da "ja", waɗanda mu muke wucewa ta kansu da gudu. Wannan ruɗani ba a Hausa kaɗai yake ba. Mu mutanen Lafiya mun daɗe muna cewa "lo-karan" in ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, musamman kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar wuta ta Akurba a watan Fabrairun 2022. Alhali abin da ya faɗi a irin wannan hali matsi ne, wato bolt, kalmar da muka ara kuwa ta kwarara ce. Ashe da Turancin ma a karkace muke faɗa.

Na biyu, tafinta amana yake ɗauke da ita. Ba shi da ikon yar da kalma don ya ga kamar ba ta da nauyi. Kalma mai gaɓa biyu na yar, ta kusa cinye adashen mahaifiyata.

Na uku ya shafe mu duka a wannan sashe. Magabatanmu sun yi nasu: Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa a 1990, wanda da irinsa muke cewa aikatau da ɗafi da tsarin sauti a aji, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Kalmomin lantarki na yau kuwa suna can a bakin masu gyaran waya da masu haɗa sola da masu naɗin fanka, kullum ana ƙirƙirar su ana amfani da su. Sau uku na koma shagon Baba da littafi kafin hutu ya ƙare, na cika shafi tara. Daga abin da na ji a wurinsa nake ba da shawarar mu riƙa cewa "matsin wuta" ga abin da ake aunawa da bolt, "kwararar wuta" ga wanda ake aunawa da amfiya, "madaidaicin wuta" ga ragileta, "randar wuta" ga kwandansa. Shi kuwa sarbo, tunda asalin sunansa bara ne, me zai hana mu ce masa "baran inji"? Ban ce dole a karɓa ba. Wanda yake da waɗanda suka fi su, shafin mujallar nan a buɗe yake, ya kawo mu tattauna. Ina kuma roƙon masu neman batun kundin kammala digiri su tuna da shagunan nan.

A ƙarshe, ga 'yan'uwana Eggon da Alago da Mada da Migili da Tibi da sauran waɗanda suka koyi Hausa da girma ko a bakin titi: kada dariyar zangon farko ta rufe muku baki kamar yadda ta rufe mini. Bakanon da aka haifa cikin harshen ya gaya mini shi ma yana tambaya. Mataccen ragiletan nan na roƙi Baba ya ba ni, yana cikin jakar alƙalumana har yanzu. Duk ranar da malami ya yi bayani na ji "na gane" tana shirin fita daga bakina alhali ban gane ba, sai in laluba jakar in taɓa shi, sannan in ɗaga hannu.